Hagun Hikima

Nuzla, Jidda, ranar Lahadi

Zuwa ga Hajiya Bashira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kina lafiya, kasuwar yadi a Bab Makka kuma tana albarka. Ni ce Tahani, malamar da ke koya wa jikarki Hikima da sauran 'yan mata besbol, wasan nan da ɗaya ke jefa ƙwallo, ɗaya ta doke ta da sanda ta sheƙa da gudu.

Wata biyu ke nan muna kan tushe: ɗora yatsa biyu a kan ɗinkin ƙwallo, taka ƙafa kafin a saki hannu, bin ƙwallo da ido har ta shiga safar hannu ta fata. Hikima ba ta taɓa fashi ba. Sai dai jifanta, Allah sarki, in ta auna gabas sai ya nufi kudu. Makon jiya ta ce mini za ta bari.

To jiya ƙwallo ta gangara ƙarshen fili, Hikima na riƙe da gorar ruwa a dama, sai ta mayar mini da hagu ba ta ko lura ba. Hajiya, daga can har tsakiyar safata, sai da tafina ya yi zafi! Na ce ta sake, sai hawaye. Ta ce ke kika hana ta amfani da hagu.

Asabar ta sama za mu kara da wata makaranta. Ina roƙon ki bar ta ta yi mana jifa da hagu, don in ba haka ba ina tsoron za mu rasa ta gaba ɗaya.

Ki huta lafiya. 'Yarki,
Tahani

Bab Makka, ranar Talata

Abla Tahani,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na gode. Ni ke faɗa, Hikima ke rubutawa, saboda haka ki yi haƙuri da wannan sawun kajin da take kira rubutu.

'Yata, ke mai ilimi ce, amma hagu an san aikinsa. Shekara biyar na yi ina mayar wa yarinyar nan cokali daga wancan hannu zuwa wannan. Yanzu ki warware mini aikin a wata biyu? Gobe ta miƙa wa baƙo shayi da hagu, a ce ba ta da kaka a Jidda. A'a. Halas, magana ta ƙare.

Ga yadi huɗu na aiko miki, kada ki ce fushi na yi. Allah ya yi miki albarka.

Bashira

Abla, ni ce Hikima. Ta tafi alwala. Don Allah kar ki haƙura.

Nuzla, ranar Laraba

Hajiya,

Sallama da godiya. Yadin ya yi kyau har malamai suna tambayar shagonki. Maganar shayi kuwa ina bayanki, duk ranar da na ga ta miƙa shi da hagu, zagaye fili goma za ta yi.

Amma ki dubi wannan. Mai jifa da dama, a hagu take sa safa, wato da hagu take karɓar ƙwallo. Yarana goma sha ɗaya duk haka suke karɓa, har da ni malamarsu. Mai jifa da hagu ce kaɗai ke sa safa a dama. Kin ga in kin yarda, duk filin nan Hikima ce kawai za ta riƙa karɓa da hannun da kika koya mata. Hagun kuma ba kyauta zai miƙa wa kowa ba, wurgi zai yi.

Yayana Fawaz ya sha yawo kafin ya samo safar dama guda ɗaya. Tana nan a jakata. Ki zo gobe bayan la'asar ki gani da idonki, zan ajiye miki kujera a inuwa. In ba ki gamsu ba, ba zan sake tayar da zancen ba.

'Yarki,
Tahani

Nuzla, ranar Juma'a

Hajiya,

Barka da Juma'a, ya gajiyar jiya? Yaran har yanzu zancenki suke. Da kika ce, “Jifa uku kawai, in gani,” sai na miƙa wa Hikima safar da ƙwallo. Uku kuwa ta yi, Lujain da ta fi kowa iya duka ta kaɗa iska sau uku. Na kuma ji wata murya daga inuwa tana cewa, “Yalla, ƙara mata ɗaya!” Ban ce muryar wa ce ba.

Tambaya ɗaya gare ni, ki gafarce ni. Ƙwallon da ta gangaro gaban kujerarki, kika ɗauka kika cilla wa ɗalibata Razan tun daga can, ta faɗa mata a safa ba ta ko motsa ba. Hajiya, da wane hannu?

Kin tafi ba ki ba ni amsar Asabar ba. Ina jira.

'Yarki,
Tahani

Bab Makka, ranar Lahadi

Abla Tahani,

Ina gaishe ki, mai idon shaho. Eh, da hagun ne. Ina 'yar shekara shida gwaggona ta ɗaure mini shi da ɗankwali a gidanmu na Nuzla. Na ɗauka ya manta, ashe shiru ya yi.

Na yarda ta yi jifanta ranar Asabar mai zuwa. Ki ajiye mini kujerar nan, zan rufe shago.

Kada ki yi mamakin kyan wannan rubutu. Hikima ce dai. Na ce ta sauya hannu.

Shayi kuwa da dama.

Bashira