Kwalbar da Kika Kai Sabiyal

Jega, 9 ga Maris

Ɗiyata Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya zafin Aliero? Mu nan sai godiya.

Na gaishe ki, amma raina a ɓace yake. Jiya na je Sabiyal duba mahaifinki. Ɗorin karaya da Sambo mai ɗori ya yi masa mako uku da suka wuce ya goce, ƙafar ta kumbura har gwiwa. Innarki ta nuna mini kwalbar da kika kawo daga ɗakin gwaji, ruwan ganyen sabarar da kika tace don aikinki na kammala digiri.

Ni na fara nuna miki ganyen nan kina aji huɗu, kuma na fi kowa murna ranar da kika ce ya sauke wa ɓerayenki kumburi. To, ɓera yana da gonar albasa? Sambo ya san sabara tun ba a haife ki ba. Da gangan ya hana mahaifinki ita, don ya san raɗaɗin nan ne kaɗai mai gadin da zai zaunar da manomi a tabarma lokacin cirar albasa. Ke kuwa kika kashe masa ciwon ba ki tambayi kowa ba. Ya ji garau, ya saɓa buhu, ƙashin ya sake rabuwa. Haka na koya miki?

Ki gaida abokan karatunki.

Malamarki,
Iklima

Jega, 14 ga Maris

Hamdiyya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. An ce kin kashe waya, kina kuka wai za ki bar karatun. Wannan ya fi na farko ƙona mini rai. Kukanki ba zai haɗa ƙashi ba.

Sambo da kansa ya sa aka kai mahaifinki asibiti, aka ɗauki hoton ƙafar. Likita ya ce ƙafar za ta tsira idan ya yi mako takwas bai taka ta ba, in ya taka kuwa zai gurgunce. Mahaifinki ko a jikinsa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya nuna masa kwalbar, yana alfahari maganin ɗiyarsa ya fi na kowa. Na ƙwace ta, tana jakata.

Maganarki kawai yake ji. Ki zo ranar Juma'a da littafinki, Sambo ya yarda ki yi masa tambayoyin da ya kamata ki yi tun farko. Tunda ke kika sallami mai gadin, ke za ki zauna a madadinsa.

Taki, wadda ba ta huce ba tukuna,
Iklima