Kankanar Bayan Kicin

Asabar, 6 ga Yuli, 2024

Na shuka ƙwayar kankana huɗu a bayan kicin, inda garken awakina yake kafin in sayar da su. Ndubuisi mai shagon iri a kasuwa ne ya ba ni a ƙullin takarda, wai irin manya ne, wai daga nesa aka kawo masa. Duk ɗan kasuwa haka yake faɗa. Na karɓa ne don kada in ba shi kunya, uwarsa Mama Chinonye maƙwabciyata ce tun jirgin ƙasa yana jirgin ƙasa a Kafanchan.

Tun da na ajiye alli ba ni da wanda zan ba maki. To, bari in ba kankana.

Lahadi, 14 ga Yuli

Biyu sun tsiro. Kafin mu taso daga sujada kaji sun gama da ɗaya. Na kewaye ta ƙarshen da tsohon gidan sauro, kuma na gaya wa kajin Kirsimeti na nan tafe.

Alhamis, 1 ga Agusta

Wannan yaɗo ba na wasa ba ne. Jiya da yamma na kafa tsinke daidai bakinsa, yau da safe ya wuce tsinken da fiye da tafin hannuna. Ban ga ya motsa ba, ban ji komai ba, amma ya tafi. Shekara talatin ina zana ganye da saiwa a allo ina tsawata wa yara su kwafa, ban taɓa tsugunawa na duba da idona haka ba. Ganyen ya fi faranti faɗi.

Litinin, 12 ga Agusta

'Ya'ya uku sun kama. Mama Chinonye ta leƙo ta katanga ta ce, "Malama Tamar, cire biyu, bar ɗaya. Shi kaɗai zai sha duka abinci." Na ce mata ita da ke sayar da atamfa me ta sani. Da ta shige gida na cire biyun. Sai da na kau da kai.

Wadda na bari na zagaya cikinta da tef ɗin ɗinki: inci bakwai. Tana da gashi-gashi a jiki.

Juma'a, 16 ga Agusta

Inci goma sha uku. Na sake awo, na sa tabarau na sake. Goma sha uku.

Talata, 20 ga Agusta

Inci ashirin da ɗaya.

Yau Dickson ya kawo mamarsa, Yaya Dinah, daga asibiti. Za ta zauna a wurina. Ya ja ni gefe wajen mota ya ce likita ya ce a kai ta gida, duk abin da ranta yake so a ba ta. Na gane, ba sai ya ƙarasa ba. Ya ƙarasa da kuka, ƙaton mutum mai 'ya'ya uku.

Yaya Dinah ce ta goye ni bayan rasuwar Mama. Macen da in ta ɗaga waƙa a coci sai kwanon rufi ya amsa. Yau ni da Dickson muka ɗauke ta zuwa ɗaki, kuma da ni kaɗai ce ma da na iya. Ta ƙi tuwo, ta ƙi kunun acca. Na ji tsoro, ban nuna ba.

Lahadi, 25 ga Agusta

Inci ashirin da tara, kuma bakina ya ja mini.

Lokacin shaida na tashi. Niyyata in roƙi addu'a don Yaya, na roƙa, sai kuma na tsinci kaina ina ba da labarin kankana. Na ce a gaban ikilisiya duka, wannan kankana ta Ubangiji ce, zan kawo ta da hannuna ranar godiyar kaka, sha bakwai ga Nuwamba. Faustina shugabar zumuntar mata ta rangaɗa guɗa, aka yi ta tafi. Ba zan ɓoye wa kaina ba, na ji daɗin tafin.

Wataƙila a ƙasan zuciyata ciniki nake yi. In ba Shi babba, Ya bar mini Yaya. Ban faɗa haka ba, ko a addu'a.

Laraba, 28 ga Agusta

Ruwa kamar da bakin ƙwarya tun jiya. Na tura tsohon murfin akwati a ƙarƙashin kankanar, na shimfiɗa busasshiyar ciyawa don kada cikinta ya ruɓe. Da ƙyar na ɗaga ta. Sanyi gare ta, da santsi, da nauyin da bai kamata abu mai 'yan makonni ya yi ba.

Litinin, 2 ga Satumba

Inci talatin da takwas.

Mun fito da Yaya baranda ta baya, a kujerar roba da matashi biyu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Tamar, wannan kankana ce ko ɗan maraƙi ya kwanta?" Ta yi dariya har tari ya kama ta. Dariyarta ta farko a gidan nan.

Ta sha shayi rabin kofi.

Asabar, 7 ga Satumba

Arba'in da huɗu. Yanzu kafin in ce ina kwana sai ta ce, "Nawa yau?" Sai in fita da tef, in dawo in faɗa, ta gyaɗa kai kamar mai duba sakamakon jarrabawa. In ya ƙaru da yawa ta ce, "Yarinyar tana ƙoƙari." Ba ta tambayar magani, ba ta tambayar labarin ƙauye. Wannan kaɗai.

Abin da ya ɗaure mini kai: duk wannan jiki ta wuya ɗaya yake shiga, wuyan da bai fi babban yatsana kauri ba. Ruwan sama, kashin awaki, rana, shi ke nan. Na tsuguna na sa kunne a jikinta, ni da furfurata. Ban ji komai ba. Na tashi ina jin kamar na shiga wurin da ya kamata in cire takalmi.

Alhamis, 12 ga Satumba

Hamsin cif.

Gidana ya zama kasuwa. Tun da na yi shaidar nan mutane ke sallama, wai sun zo gaida mara lafiya, ido kuwa yana bayan kicin. Yau har da wasu manoman citta uku, abokan Dickson, waɗanda cuta ta cinye musu gona bara. Suka tsaya, huluna a hannu. Babban cikinsu ya ce, "Ashe ƙasa bai yi fushi da mu duka ba." Na hana su taɓawa. Wata yarinya ta ɗauki hoto da waya tana cewa, "Mummy, this one na miracle!" Na ce ta matsa, tana taka mini yaɗo.

Na yafa mata tsohon zane saboda rana da ƙudajen da ke huda.

Juma'a, 20 ga Satumba

Hamsin da shida. Tsawonta daga wuya zuwa gindi ya kai daga ƙasa zuwa ƙuguna, saura kaɗan. Tef ɗin ya kusa ƙarewa, sittin ne iyakarsa.

Yaya cokali uku na kunu, sai ta juya kai.

Laraba, 25 ga Satumba

Hamsin da bakwai. Jiya ma haka. Shekaranjiya ma.

Na ce wa Yaya hamsin da takwas. Ta dube ni ta ce, "Auta, tun kina ƙarama in za ki yi ƙarya sai ki sosa kunne."

Asabar, 28 ga Satumba

Mun yi faɗa da Mama Chinonye. Ta shigo, ta tsuguna, ta ƙwanƙwasa kankanar da yatsa, ta nuna mini ɗan siririn zaren nan da ke murɗe kusa da wuyanta. Ya bushe ƙayau. Ta ce, "Malama, ya nuna fa. Ji yadda yana amsa. In ka bar shi sati biyu, ciki zai zama ruwa."

Na ce ai sai Nuwamba. Ta riƙe haɓa. "Nuwamba? Wannan ba kabewa ba ne!"

Nan ta taɓa ni inda ke ciwo, shi ya sa na ɗaga murya. Gaskiya kabewa na sa a raina. Mu a gidanmu kabewa muka sani, a tsinke ta a tura ƙarƙashin gado, ta kai Kirsimeti lafiya lau. Duk shekara ita ake jerawa a gaban bagade da doya da dawa. Ban taɓa noma kankana ba, saya nake yi yanka-yanka a bakin tasha. Ban tsaya na tambayi kowa ba kafin in buɗe baki a coci.

Na ce mata abin Ubangiji, Ubangiji zai tsare. Ta ce, "To," ta tafi. Wannan "to" ɗin nata ya fi zagi.

Talata, 1 ga Oktoba

Ba awo yau. Ba amfani.

Da rana muna baranda, zafi ya sauko bayan ruwa. Leɓen Yaya duk ya bushe. Tana kallon bayan kicin ta ce, kamar da kanta take magana, "Ko yaya cikinta yake? Da zan samu ɗan sanyi-sanyin nan a harshena..."

Abu na farko da ta nema da bakinta tun zuwanta. Na ce bari in aika a sayo a tasha. Aka sayo, fara-fara, ba zaƙi. Ta lasa ta ajiye. Sai ta kama hannuna ta ce, "Rabu da ni, wasa nake. Waccan ta Ubangiji ce. Kin manta Baba?"

Ban manta ba. Baba mai bishara ne, in ya ware zakara don coci, ko baƙo ya zo daga Legas sai dai ya ci miyar kuka lami. Abin da aka ɗaga wa Allah ba a sauke shi. Haka ya rene mu, mu biyun, kuma ita ta fi ni riƙewa. Da ta yi mini gardama da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Faustina ta zo da mata biyu, suka yi wa Yaya addu'a da waƙa. Yaya ta motsa baki, murya ba ta fito ba. Da za su tafi Faustina ta leƙa baya ta ce, "Malama, ki kula mana da shi da kyau. Na riga na gaya wa matan Kagoro, za su zo gani. Shi za mu fara gwanjo da shi, rufin ajin yara ya dogara a kansa." Na ce in Allah Ya yarda.

Na so in je wurin Fasto in tambaya. Na ɗaura ɗankwali, na kai ƙofa, na dawo. Ban san wace amsa nake tsoro ba, ya ce a'a ko ya ce e.

Nuwamba da nisa. Ga wadda ke bayan kicin da nisa, ga wadda ke ɗaki ma. Na rubuta, ga shi nan.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Yau ba ta iya fitowa baranda ba. Ruwa kawai, a cokali.

Asabar, 5 ga Oktoba

Na fita da safe don in duba kankanar kawai. Wuƙar tana hannuna ne saboda ina yanka albasa.

Na cire zanen, na juya ta a hankali, na duba ko'ina. Tsaga nake nema, ko tabo, ko inda ƙwaro ya huda, wani abin da zan nuna wa Faustina. Babu. Lafiyarta ƙalau, ban taɓa ganin abu cikakke haka ba. Na ce, "Ubangiji, Kai ka san komai," ban ƙara ba, don ban san sauran ba.

Mama Chinonye na kira, ta zo ba ta yi mini gori ba, Allah Ya saka mata. Ni da ita da Dickson muka ɗauko kankanar a buhu har ƙofar ɗakin Yaya don ta gani. Wuƙa tana shiga ta buɗe da kanta, da ƙara. Ja wur har bakin ɓawo, ƙamshi ya cika gidan, ruwa yana bin siminti. Dickson ya cire hula.

Yaya ta ce, "Tamar, me kika yi?" Na ce ta buɗe baki, ba na son surutu.

Na ɗebo daga tsakiya, na cire ƙwayoyin. Ta riƙe a baki ta rufe ido, ta daɗe, ruwan yana gangarowa ta haɓarta ina sharewa. Ta ci yanka biyu. Biyu! Sauran an raba wa layinmu kaf, har ya isa gidan Faustina, ban san wa ya kai ba. Abin da zan faɗa a coci ban sani ba, kuma abin mamaki bai hana ni cin nawa kason ba. Da zaƙi.

Da zan fita da kwanon ta riƙe bakin zanena. Ta ce, "Auta, ki ajiye mini na gobe."

Na ajiye mata.