Ɗaya da Ɗigo Takwas

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Umma? Tunda wayarki ta faɗa bokiti kin mai da ni marubuciya, yatsana har ya yi kanta.

Aiki alhamdu lillahi. Wata 'yar na'ura muke haɗawa, ana sa ta a firjin magani tana auna sanyi. A kan allon da ake manna sassanta akwai wani ɗan cip kamar ƙwayar wake, shi ke raba wuta. Ƙwaƙwalwar na'urar wuta mai ƙarfin bolt ɗaya da ɗigo takwas take ci, sauran sassa uku da ɗigo uku. Da kwamfuta ake rubuta wa cip ɗin lambobin. Kika kuskura kika ba ƙwaƙwalwa uku da ɗigo uku, ta soye ke nan, ko hayaƙi ba za ki gani ba.

Wani dattijo ke koya min, Baba Tabarau muke ce masa. Shayinsa ma tare muke sha. Shi fa duk allon da aka rubuta wa lamba, sai ya ɗora mitarsa ya auna wutar kafin a manna ƙwaƙwalwa. Sabon Injiniya ya hana, wai ɓata lokaci ne, kwamfuta ba ta ƙarya.

Jiya na ɗauki Baba a bidiyo, hannunsa na rawa yana laluben ƙafar cip, na sa masa kiɗa na tura guruf ɗin ma'aikata. Yaya, an sha dariya! Shi ma ya yi murmushi, sai dai ya bar shayinsa ya huce.

Ki sumbatar min yara.
Autarku

Yaya,

Ina gaisuwa, ya jikin Umma? Ni dai ba lafiya ba.

Allo ɗari uku sun soye. An ba ƙwaƙwalwa uku da ɗigo uku. Manaja ya tara mu, Injiniya ya ce Baba ne ya danna lambar, ido ya mutu, hannu ya lalace. Sai ya kunna bidiyona a babban talabijin na ofis, da kiɗan da komai. Har Manaja ya dara. Baba na tsaye, abin da ya ce kawai, da an bar shi ya auna allo na farko da ba a kai ga na biyu ba. Injiniya ya miƙa masa mita ya ce to ya auna a gaban kowa. Hannun ya ƙi tsayawa. Wani daga baya ya kama rera kiɗan da baki.

Yaya, ba Baba ba ne. Ran Litinin ɗin da aka rubuta lambar na ɗauki kaina hoto, Baba ya fita salla. A bayana ga Injiniya kan kwamfuta, in kin zuƙo hoton ga lambar nan ɓaro-ɓaro a layin ƙwaƙwalwa. Na nuna masa, na zaci zai ji kunya. Sai ya tuna min an hana ɗaukar hoton kwamfutar ɗakin aiki, wanda ya ɗauka kora ce. Ya kuma ce kujerar Baba za ta buƙaci mai zama.

Ki sa ni a addu'a.
Auta

Yaya,

Da fatan kowa lafiya. Wannan takardar ki ƙona ta, kar Umma ta ji.

Na goge hoton. A kujerar Baba nake rubuto miki.

An kore shi, ran Alhamis ya zo kwashe kayansa. Maigadi ya zazzage masa jaka a ƙasa gaban mutane, har kofin shayin ya gangara. Ya tattara, ya zo wurina ya ajiye min mitarsa. Ya ce 'yata, ki riƙa aunawa, ko sun hana. Ya sa min albarka, Yaya. Bai sani ba.

Yau an manna sabuwar doka a bango: kowane allo sai an auna kafin a sa ƙwaƙwalwa. Injiniya ne ya sa hannu, Manaja ya ce a tafa masa. Na tafa. Bidiyon kuma an yanko fuskar Baba an yi sitika da ita, ɗazu ma an turo min.

Allo arba'in na auna yau, duk ɗaya da ɗigo takwas cif. Sai dai juya wa ƙofa baya nake yi, don hannuna ya fara rawa, kuma kowa a nan yana da waya.

Ƙanwarki,
Auta