Gansakukar Maigida a Hannuna

Maigida,

Ina gaishe ka gaisuwar mai kewa. Ya ƙarfin jiki, ya ƙafar? Yayanka, da kake jinya a gidansa, ya ce ka fara zama ba tare da an tallafe ka ba. Allah ya ƙara sauƙi.

Tun da haɗarin motar nan ya kwantar da kai, gonar gansakukarka ta dawo wuyana, ni da na fi kowa yi maka dariya cewa kana kiwon dattin ruwa. Ba zan ɓoye maka ba, kwamin bakin ƙofa ya mutu. Wasu mitsi-mitsin ƙwari ne suka cinye shi, wari har gidan maƙwabcinmu Tela. Na zubar da ruwan ina hawaye.

Saura kwami biyu, kore shar. Injiniya, abokiyar aikinka, ta ce lokaci ya yi da zan janye musu taki, wai sai sun ji yunwa suke tara mai. Idan su ma suka tafi, da wane ido zan dube ka? Amma gobe zan janye.

Auta na ta tambayar Babansa.

Matarka.

Maigida,

Sallama da fatan alheri. An ce ka taka har bakin ƙofa da sanda. Da na ji, sai da na yi hamdala.

To, ruwan ya tashi daga kore ya koma launin ɗorawa. Na ce shi ke nan, na kashe su, na ruga ɗakin gwaji ko takalmi babu. Injiniya ta ɗiga ɗigo ɗaya a madubin ƙara girma ta ce in leƙa. Maigida, kowace ƙwaya ta cika tim da mai, sai ƙyalli!

Mun tace, mun shanya, mun matse. Mai kyan ta ware wa masu haɗa abincin kifi, sun ce irin kitsen da suke nema ke nan, su ne ma ke tambayar girbi na gaba. Ragowar ta sarrafa ta zama man inji, muka zuba wa tsohon injin ban-ruwanka. Ya yi tari, ya yi shiru. Sai ya kama. Tela ya leƙo ta katanga yana tafi, Auta na tsalle.

Ga 'yar kwalba nan na haɗo maka, rabonka ne na girbin farko. Don Allah ka ɓoye ta, kada matar Yaya ta soya maka ƙwai da shi.

Ka yi ta takawa. Aiki ya yi wa mutum ɗaya yawa.

Taka har kullum,
Maman Auta.