Keken Ɗinkin Hawa na Biyar

Zuwa ga aminina Na-Hagu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da iyali, da rumfa, da tarin nan naka da ka ƙi kai wa likita. Ni lafiya lau, sai gwiwa.

Ka ce in ba ka labarin gidan da babban ɗana ya ajiye ni tun bayan rasuwar uwarsu. Gida kam ya yi gida. Hawa shida, ƙofa ashirin da huɗu, kowace da lambarta. Mutanen kirki ne ƙwarai: wata huɗu ina nan, babu wanda ya dame ni ko da gaisuwa. In kuka haɗu a lif, kowa sai ya kafa wa ƙafarsa ido. Ni da na shekara talatin ina sayar da takalma a gefenka, yanzu na san lambar ƙafar kowa a ginin nan, ban san muryar kowa ba.

Sai dai gidan da ke saman kaina, a hawa na biyar. Wata tela ce mai 'ya'ya uku, haya take yi, mijin direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai leƙo ba. Tun hantsi keken ɗinkinta ke gudu. Autan yana tafiya da dunduniya kamar soja, ta tsakiyar tana jan ƙafa, alamar takalmin yayarta aka ba ta. Da la'asar a yi ta jan kujeru kamar kasuwa ta tashi. Barcin rana ya gagare ni.

A ƙasa akwai akwatin koke na kwamitin gida. Na rubuta musu shafi biyu: a daina ɗinki gaba ɗaya, a shimfiɗa darduma, yara su bar guje-guje. Kada ka yi dariya, farashin farko ne. Za ta sauko da fushinta ta ce ba ta san zancen ba, in rage, ta ƙara, mu daidaita a kan shirun awa biyu bayan azahar. Har na sayi ƙarin kujera da alewar yara.

Ka gaida 'yan layi.

Naka,
Mai Takalma

*

Aminina Na-Hagu,

Bayan gaisuwa, ya jikin Hajiyarka? Allah ya ƙara sauƙi.

Ba ta sauko ba. Wanda ya zo shi ne shugaban kwamiti, wani tsohon ma'aikacin ofis da ba ya rabuwa da fayil, ina jin da shi yake wanka. Ya ƙi zama. Daga bakin ƙofa ya gode mini, ya ce da ma dokar gida ta hana sana'a a cikin ɗaki, sun daɗe suna jiran wanda zai rubuta. An sanar da wanda ya ba ta hayar, shi kuma ya ba ta wata guda ta tashi.

Na ce masa ai ba a haka, ni magana kawai na buɗe. Ya ce koken da ya shiga fayil ba ya fita. Ka taɓa jin inda aka ce kaya dubu goma, mai saye ya zaro ya biya ko tari bai yi ba? Da a rumfa ne da na bi shi da canji.

Jiya na hau, lif ya lalace, da matakala na bi, ni da gwiwata muna ta faɗa. Ta buɗe ƙofa da tef ɗin awo a wuya. Yarinya ce, Na-Hagu, ba ta kai ƙaramar 'yata ba. Na yi shirin zagi, na tanadi amsa kala uku. Sai ta rusuna ta ce Baba in yafe musu, ba su san suna cutar da dattijo ba. Na ce ta zauna mu yi magana. Ta ce babu komai, an riga an gama. Yaran suna leƙe ta bayanta, kowa ba takalmi, suna tafiya da yatsun ƙafa. Alewar ta komo tare da ni a aljihu.

Ka yi mini addu'a, ka kuma rufa mini asiri wurin 'yan layi.

Naka,
Mai Takalma

*

Na-Hagu,

Ina gaisuwa. Na ga saƙonka, na kuma karɓi sunan da ka raɗa mini, na cancanta.

Sun tashi ranar Asabar. Mijin ya zo da motarsa, na tsaya a taga ina kallo. Keken aka sauke a ƙarshe, an naɗe shi da bargo kamar mara lafiya. Na sauka in kama musu ko tabarma ce, mijin ya ce in huta, ba aikin manya ba ne. Ban samu bakin tambayar inda suka nufa ba.

Wani saurayi ya shiga gidan, aikin kwamfuta yake yi, kunnensa kullum a toshe. Sati biyu ke nan ban ji ko faɗuwar cokali ba. Ina kwanciya bayan azahar yadda na nema, barcin kuma ya ƙi zuwa. Shekaranjiya na tsinci kaina ina jan kujera daga ɗaki zuwa falo, ko na ƙasa zai hawo ya yi mini tsiya. Bai hawo ba. Mai yiwuwa ya rubuta.

In ka samu sarari ka zo, ko yini ɗaya ne. Ka taho da tarinka.

Ka gaida gida da kowa da kowa.

Naka har kullum,
Mai Takalma

Af, na manta. Ɗana ya bugo waya ɗazu yana murna, shugaban kwamiti ya faɗa masa an magance matsalata. Ya ce, Baba, yanzu dai ka samu hutu ko? Na ce masa layin ba ya da kyau, zan kira shi gobe. Kai da ka fi ni iya ƙarya a gaban mai saye, me zan ce masa?