Ko Taubasai Ne?

Laraba, bayan isha'i

Barci ya ƙi zuwa. Ɗazu 'yata Hafsa ta nuna min a jawwal, wayar hannunta ke nan, wai an ɗauke ta koyon gyaran tsofaffin dardumai a Sifen. Wata tsohuwar mu'assasa ce, ƙungiya dai, za ta ɗauki nauyinta, aikinsu kawai riƙe zumunci tsakanin mutan Sifen da wasu wai Filamanawa, can Beljiyam. Ni ban taɓa jin su ba. Babanta ya ce magana tana hannuna, in na ce a'a shi ke nan.

Na ce mata, "Su ɗin taubasai ne, kamar mu Barebari da Fulani?" Ta yi ta dariya, ta ba ni amsa da Larabcin nan nata, wai a'a ya Ummi, sarki ɗaya suka taɓa yi, har yaƙi sun gwabza. Na ce to ai haka wasan yake farawa.

Ni tsorona ta je hannun mutanen da ba sa dariya. Wanda ya iya tsokanar tsohon abokin gabarsa ba zai wulaƙanta 'yar mutane ba. Gobe zan sa ta tambaye su ko suna zolayar juna. In suna yi, ta tafi.