Baba Ya Ƙara wa Kifina Magani

Anti, ki taimake ni kafin zuciya ta sa ni abin da zan yi da-na-sani. Ina kiwon 'ya'yan tarwaɗa a tankuna a bayan gida. In cuta ta kama fatarsu, akwai wani garin magani da muke sa musu, kashi biyu cikin miliyan, wato giram biyu kacal a tankin lita dubu. Sai na auna a ƙaramin sikeli, in narkar a kwalba, sannan in tsiyaya a hankali. Ruwan yakan ɗan yi ja-ja ne kawai, da ƙyar ido ke gani.

Mahaifina yana wurina tun da ya bar aiki, kuma hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Rannan na sa maganin na fita sayo abincin kifi. Ya leƙa, ya ga ruwa garau, ya yanke hukuncin rowa nake yi. Ya ɗauko ledar maganin ya zazzaga da ido kamar mai sa gishiri a miya, har ruwan ya koma tawada. Na dawo na tarar da kifin tanki guda duk sun juya ciki sama. Kifin da na raina tun suna kamar zare.

Na yi masifa har maƙwabta suka ji. Abin da ya fi ƙona mini rai, har yau bai yarda ya yi kuskure ba. Wai cutar ce ta kashe su, tunda maganina ruwa ne zalla. Yanzu ya daina cin abincina, ya haɗa jaka zai koma gidan ƙanena. Wallahi rabin zuciyata cewa take in tsayar masa da mota.

Uwar Tarwaɗa

Uwar Tarwaɗa, fushinki yana kan hanya. A lissafi ke ce da gaskiya: maganin da ake aunawa da kashi cikin miliyan, ƙarinsa guba ne. Amma Baba ya yi rayuwarsa yana ganin magani mai ƙarfi shi ne mai duhu da ɗaci, kuma ban ga inda kika ce kin taɓa zaunar da shi kin nuna masa ba. Ledar ma a fili kika bar ta.

Kada ki jira ya ce ya yi kuskure. Ya sani, shi ya sa abincin ya ƙi shiga. Dattijon da 'yarsa ta ɗaga wa murya a kunnen maƙwabta, musu ne kaɗai ya rage masa.

Ki kulle maganin yau. Ki je ki durƙusa ki ba shi haƙuri kan muryar, ba kan awon ba. Ranar sa magani ta gaba, ki miƙa masa sikelin ya auna giram biyun da hannunsa, ya zauna ya ga kifin sun tashi a wannan ruwan da ya raina.

Tanki zai sake cika kafin shekara. Ɗakin Baba kuwa, in kika bari jakar nan ta fita cikin fushi, ba lallai ya sake cika ba. Allah ya huci zuciyarki, ya mayar miki da alheri.